Tudun da Aka Sake wa Suna

Akwai wani mutum a wani ƙauye can bayan Kajiji, sunansa Ubaidullahi. Manomin albasa ne, Allah ya buɗa masa, amma son a san shi ya yi masa katutu. Ko buta ya saya wa masallaci, sai ya sa an rubuta sunansa a jiki.

Wata shekara aka turo ma'aikata daga Bodinga su zana taswirar yankin, su rubuta sunan kowane tudu, kowace fadama da kowane burtali. Hakimi ya ce a ba su ɗan gari ya zagaya da su. Kafin a rufe baki, Ubaidullahi ya tayar da babur.

A gabas da garin akwai wani tudu da ake kira Tudun Makwanta. Tsohuwar makabarta ce, an daɗe da daina binnewa a can. Ba katanga, ba alama, ruwan damina ya shafe kaburburan. Sunan nan kaɗai ke tsaron wurin. Saboda shi makiyayi ke kauce masa da shanu, mai wucewa kuma ya yi sallama ya rage murya.

A can mahaifin Ubaidullahi yake kwance. A can kuma Atika take, 'yarsa ta fari, wadda ƙyanda ta ɗauke tana tatata.

Da suka iso gindin tudun, Zayyanu, shugaban ma'aikatan, ya tambaye shi, "Alhaji, mi ne ne sunan wurin ga? Akwai wani abu bisa, ko rijiya ko makabarta?"

Ubaidullahi ya kalli tudun, ya kalli gonarsa da ke jingine da shi. Zuciya ta raya masa: ga damar da sunanka zai shiga taswirar gwamnati har abada.

"Babu komi sai duwatsu da sabara," in ji shi. "Rubuta Tudun Ubaidu."

Ya dawo gida yana washe baki, ya ba mahaifiyarsa Inno labari. Tsohuwa ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Ubaidu, mi ka aikata? Sunan nan shi ne shingen mutanen da munka rufe can. Koma ka gyara."

"Haba Inno, kowa ya san wurin. Wa zai taɓa shi?"

Kowa a garin ya sani, gaskiya ne. Amma ba 'yan garin ne ke karanta taswira ba.

Bayan 'yan shekaru aka zo gyaran hanya. Masu aikin baƙi ne, suna neman inda za su haƙi jar ƙasa. Suka duba taswira, suka ga tudu babu komai a kansa. Ranar kasuwa ce, maza duk sun fita, Ubaidullahi ma ya kai albasa Bodinga. Kafin labari ya kai kunnen kowa, motar haƙa ta cinye rabin tudun, tifa-tifa sun kwashe ƙasar sun shimfiɗa a hanya.

Da masu aikin hanyar suka ga ƙasusuwan mutane na fitowa, suka tsaya cak. Amma ina! Aikin gama ya gama.

Ubaidullahi ya iso da la'asar, ya tarar da rami inda ya taɓa sauke Atika da hannunsa. Ya faɗa ciki yana tona da yatsu, yana kiran sunanta kamar mahaukaci. Wallahi ko maƙiyinsa ya gan shi sai ya yi hawaye.

Inno ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya a bakin ramin da sandarta, ta ce, "Ubaidu, nuna min inda ubanka yake, in yi mashi sallama."

Ya duba ramin gabas da yamma, bai ga inda zai nuna mata ba.

Har yau ba ya hawa hanyar nan. Ta cikin gonaki yake bi da ƙafa, don bai san a kan wa zai taka ba. Sunansa kuwa yana nan a taswira, daidai kan ramin.

Darasi: Sunan da magabata suka bar wa wuri amana ce, kada son a san ka ya sa ka goge shi. In an tambaye ka shaida, faɗi gaskiya ko da sunanka ba zai fito ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda garinsu ke da tsohuwar makabarta da ba a kewaye ba.