Sarkin da Ya Roƙi Gishiri

A zamanin da Turawan Ingila ke bin ƙasar Indiya birni birni suna ci, an yi wani sarki, ana ce da shi Dilawar. Birninsa na bisa dutse, ganuwa ta kewaye shi. Turawa suka zo suka yi masa zobe, suka kafa igwa, kullum sai luguden wuta. Rijiyoyi suka fara ƙafewa, yara suka fara mutuwa.

Sai kwamandan Turawa ya aiko da manzo: in sarki ya fito ya miƙa kansa, ba za a taɓa kowa ba. In ya ƙi, za a baje birnin.

Sarki ya tara fada ya ce zai fita. Sarkin Yaƙinsa, wai shi Karan, ya yi zumbur ya faɗi gabansa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun ci gishirinka. Ka taka ƙofar nan, mu bi bayanka da takubba, a kashe mu duka."

To, mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada. Wanda ya ci gishirin mutum ya zama nasa ke nan, ba ya barinsa a hannun maƙiyi, ko da za a yanka shi. Sarki ya auna lamarin. In ya zauna, gari ya ƙare da ƙishi. In ya fita, gari ya ƙare da takobi. Abin ya dame shi ƙwarai.

Ya kira Waziri Munawwar, wani tsoho mai jinkirin magana, ya ce, "Waziri, yaya zan ƙwace gishirina daga cikin mutanen nan?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ya ƙwatuwa. Amma ni ban taɓa jin inda aka ce sarki ba ya cin na talaka ba."

Sarki ya dube shi, ya dube shi, ya miƙe.

Ya tuɓe rawani, ya bi gari gida gida da tafin hannu a buɗe, yana cewa, "A san mini gishiri." Kai, ka ga ikon Allah! Mata suka riƙa kuka, suna zaton wahala ta taɓa masa hankali. Kowa ya ɗan barbaɗa masa, shi kuwa yana lashewa, ga ƙishirwa, leɓɓansa har suna jini. Gidan Karan ma bai tsallake ba.

Da ya gama, ya tsaya bakin ƙofar gari ya ce, "Jama'a, na ci gishirinku. Yanzu wa ya kamata ya tsare wani da ransa?"

Karan ya ce, "Ai mu ma mun ci naka!"

Waziri ya ce, "Kai na gida ɗaya ka ci, Sarkin Yaƙi. Shi ya ci na gari duka. Wanne ya fi nauyi?"

Aka tambayi malamai, suka yi ta juya maganar, suka rasa inda za su kama ta. Karan ya ajiye takobi yana hawaye, aka buɗe ƙofa, sarki ya fita shi kaɗai.

Igwa ta yi shiru. Mata suka gangara kogi da tuluna, Waziri ya ci gaba da riƙon gari.

Turawa suka kai Dilawar wani gari can bakin teku, suka ba shi gida da kuku. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a sa masa gishiri a abinci. Kwamanda ya ɗauka ciwo ne, har ya aiko masa da likita. Bawan Allah, ina zai gane?

Haka Dilawar ya tsufa a hannunsu, yana cin miya lami har ya rasu.