Mai Walda da Matar da Ta Jira

Ya 'yan'uwa cikin Ubangiji, an yi wani mutum mai walda, gwanin aiki kuma gwanin baki. Ba ya fashin zuwa coci. In an tashi sujada, shi ke tara mutane a bencin da ke bakin ƙofa, ya ɗauko zancen da ya fi so: wai babu wutar da za ta ci mutum har abada.

Yakan ɗaga hannunsa mai tabon ƙuna ya ce, "Ku da kuke ta maganar wuta, waye a cikinku ya san ta kamar ni? Ko yatsan ɗana ba zan iya sa mata ba, komai laifinsa. To na fi Allah tausayi ke nan?"

Sai a yi dariya. Wani dattijon coci yakan ce masa, "Kai dai bakinka ya fi injinka zafi." Shi ma ya yi dariya.

Ban ce tambayarsa ta banza ce ba. Masu ilimin da suka fi mu sun daɗe suna ja a kanta. Wasu sun ce hukuncin ba shi da ƙarshe, wasu sun ce yana da shi. Amma mutumin nan ba gaskiya yake nema ba. Matashin kai yake nema, ya kuwa samu.

Aka ba shi aikin shingen ƙarfe a saman wani bene da ke layinsu. Aiki ya yi masa yawa a lokacin, sai ya ɗiɗɗiga walda nan da can maimakon ya haɗe ƙarfen sosai, ya bi da fenti ya rufe. Ido ba zai gane ba. Shi kaɗai ya sani.

A benen akwai wata mai ɗinki, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya. Coci ɗaya suke zuwa da shi. Wata rana da hantsi yarinyar ta jingina da shingen tana miƙa hannu ta ɗauko rigar da aka shanya. Ƙarfe ya ɓalle. Kafin uwar ta sauko daga matakala, an riga an rufe yarinyar da zane.

Aka ɗora laifi a kan tsatsa da ruwan sama, magana ta mutu. Amma uwar ta ɗauki guntun ƙarfen ta duba, ta ga babu tsatsa, ta ga inda waldar ta tsaya. Ta kai wa dattijon nan. Ta ce ba ƙara take so ta kai ba, ba kuma diyya take nema ba. So take mutumin ya zo ya faɗa da bakinsa cewa shi ne.

Dattijo ya same shi a shago. Ya ce, "Ɗana, tsallaka titi kawai za ka yi. Je ka gaya mata."

Ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Baba, ni da Allahna mun gama wannan. Shi mai ƙauna ne, ya yafe."

Da aka kai wa matar amsar, ta ce, "Yana ƙaunarsa, na yarda. To 'yata fa, ba ya ƙaunarta?"

Ya 'yan'uwa, wa zai amsa mata? Wace irin ƙauna ce za ta shafa kan mai laifi, ta tsallake gawar yarinya kamar ba ta gani ba?

Mutumin ya ci gaba da zuwa coci. Yana karɓar jibin Ubangiji, matar tana zaune a layin bayansa tana kallon ƙeyarsa. Magana ta fara yawo, masu taruwa a bencin nan suka fara raguwa. Masu kawo aiki suka fara wuce shagonsa. Matarsa ta roƙe shi har ta gaji. Babban ɗansa ya daina cin abinci tare da shi. Duk da haka yana cewa akwai lokaci.

Sai ga shi wata rana ya faɗi a gaban injinsa. Aka kwashe shi zuwa asibiti. Rabin jiki ya shanye, baki ya karkace, harshen nan da ya ka da dattawa ya kasa furta ko sunan matarsa.

Mai ɗinkin ta je duba shi. Ta ja kujera kusa da gadon ta zauna. Ta ce, "Ɗan'uwa, ban zo da faɗa ba. Faɗa min kawai, in yafe maka, ni ma in huta."

Ya buɗe baki. Yawu ya zubo. Ya yi ta ƙoƙari, idonsa na zubar da hawaye, babu abin da ya fito sai gurnani. Ta jira. Ta ƙara jira, har ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Ta tashi ta gyara masa bargo ta fita. Bai kai ƙarshen makon ba.

Kada ku tambaye ni inda yake yanzu. Ban sani ba, ba ni ne alƙali ba. Abin da na sani, gafara ta zauna a tsallaken titi tana jiransa tun yana da baki, ya ƙi zuwa.

Ina da 'ya'ya, kuma sun fara kawo min wannan muhawara gida, suna nuna min ita a waya. Na kasa ka da su, sun fi ni karatu. Abin da ke tsorata ni ba tambayar ba ce, sakin jikin da nake gani a fuskarsu in sun gama ta. Ku yi ta muhawara kan tsawon wutar in kuna so, amma wanda ya san akwai ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa, ya je yau.

Ubangiji ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga mai da ƙaunarsa mafakar zunubi. Ya ba mu tuba tun harshenmu na motsi. Amin.