Malam Gambo da Sunan da Ya Ɓace

Jama'a, ku matso ku saurara. A wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, an yi wani bawan Allah ana ce masa Malam Gambo. Akawu ne a wata makarantar sakandare. Shekara ashirin da takwas yana buga tafireta, har yakan buga takarda guda yana hira, bai kalli yatsunsa ba.

Sai zamani ya juya, aka kawo kwamfuta. Shugaban makarantar, Alhaji Mamuda, ya kira shi ya ce, "Malam Gambo, wata biyu na ba ka. In ka iya wannan na'ura, kujerarka tana nan. In ba ka iya ba, sai ka koma sito."

Malam Gambo ya ce, "To, ranka ya daɗe. Abin da mutum ya ƙera, da yardar Allah mutum zai koya."

Akwai wata malamar lissafi, Malama Ladidi, sa'ar 'yarsa ce. Ita ya je ya samu, da furfurarsa, ya ce ta koya masa. Ta zaunar da shi gaban allon, ta buɗe manhajar rubutu, ta ce, "Baba Gambo, ka ga farin filin nan? Shi ne takardarka. Jerin nan na sama kuwa kayan aiki ne. Nan ake buɗe fayil, nan ake ƙara wa harafi kauri, nan ake aika wa firinta." Ya kama linzamin kwamfutar, kibiyar da ke kan allo ta gudu can kusurwa, malamai suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, ya ce, "Malama, sake nuna min." Ta sake. Ya ce, "Sake." Ta sake.

To, ku saurara, ga inda jarrabawar take.

Wata ranar Laraba Malama Ladidi ta shiga aji ta bar shi yana gwaji. Ya ga wani fayil ya buɗe, ashe jerin sunayen ɗaliban da za su zauna jarrabawar fita ne, wanda ita Malamar ta shirya. Shi a zatonsa kallo kawai yake yi, bai san inda ake kallo nan ake gyara ba. Gwiwar hannunsa ta taɓa wani maɓalli, ya ga kamar rubutun ya ɗan motsa. Ya tsorata, ya je zai rufe, sai wani ɗan akwati ya fito da tambaya. Bai tsaya ya karanta ba, ya danna amsar farko. Allo ya koma yadda yake. Ya ce a ransa, lafiya ke nan.

Aka buga jerin, aka sa hannu, aka kai ofishin ilimi a birni. Bayan kwana tara sai ga wata ɗaliba, Larai Tukur, tana kuka a ƙofar shugaba. Babu sunanta. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin, kuma saura kwana biyu a rufe rajista.

Alhaji Mamuda ya tara ma'aikata, ya juya kan Malama Ladidi. "Ke kika shirya, ke kika zubar da sunan. Takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinki, kuma ki manta da ƙarin girma bana."

Ta ce, "Wallahi, yallaɓai, na sa sunanta." Hawaye ya cika mata ido.

Malam Gambo yana tsaye a baya. Ya tuna Larabar nan, ya tuna rubutun da ya motsa. Jama'a, babu wanda ya gan shi. Ko shi kansa ba shi da tabbas. In ya yi shiru, kujerarsa tana nan. In ya buɗe baki, ya tabbatar wa kowa bai iya ba. Ni ina tambayarku, wa zai yi magana a cikinmu?

Ya matso gaba, ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. Ni na buɗe fayil ɗin ba da izini ba, na taɓa abin da ban sani ba, na amsa tambayar da ban karanta ba. Ina kyautata zaton ni na goge sunan. Kada a rubuta wa Malama komai."

Alhaji Mamuda ya ce, "Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

Ya ce, "Na sani. Amma a ba ni takarda in kai birni tukuna, yarinyar nan ba ta yi laifi ba."

Ya shiga mota ya tafi. Wuni guda ya yi a kan benci, ana ce masa jami'i ya fita. Washegari ya koma, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru ba ragi, aka mayar da sunan Larai ana saura awa uku a rufe.

Kada ku zaci an yi masa tafi. Sito aka mayar da shi, ya yi zango guda yana ƙirga alli da tsintsiya. Amma kullum aka tashi tara, sai ya zo wurin Malama Ladidi. Ta nuna masa kibiyar da ke mayar da abin da aka goge, ta nuna masa yadda ake buɗe takarda don karatu kawai. Kowane akwati ya fito, sai ya karanta shi a bayyane kafin ya danna. Da zango ya ƙare, Alhaji Mamuda da kansa ya je sito ya ce, "Malam Gambo, dawo. Masu saurin hannu ina da su. Wanda zai ce min ni ne na ɓata, kai kaɗai na gani."

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Girma ba ya hana neman sani, abin da ba ka gane ba ka tambaya kafin ka taɓa. In kuwa ka ɓata, kada ka bari a ɗora wa wani. A ofis, a kasuwa, a cikin gidanka, yau ɗin nan wataƙila akwai wanda yake ɗauke da laifinka kana kallo. In an tashi daga nan, ka je ka sauke masa. Allah Ya ba mu ikon yi.