Na'urar da Ba Ta Amsa Gaisuwa

Akwai wani dattijo a Wurno, ana kiransa Baba Mainasara. Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗaukar waya a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa. Ko taki mutum yake tambaya, ko ranarsa a injin casa, Baba ne zai amsa. Da murya kaɗai yake gane mai kira, har ya tambaye shi jikin tsohuwarsa.

Da mambobi suka yi yawa, waya ɗaya ta kasa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Uwaisu, ya ɗauko wani injiniya daga Sakkwato mai suna Musaddiq, ya haɗa musu tsarin waya na kwamfuta mai aiki da intanet. Lamba ɗaya ce, amma kwamfuta ke raba kira zuwa ofisoshi. Gaskiya Musaddiq ya san aikinsa. Girman kai ne kawai ya yi masa yawa.

Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin rubutun sababbin wayoyin. Sai ya buɗe kabad ya fito da wani baƙin tarho mai manyan maɓallai, wanda ya adana tun da layin ƙasa ya mutu.

Ya ce, "Ɗana, wanga ba a iya haɗa shi da na'urarka? Shi hannuna yas sani."

Musaddiq ya kwashe da dariya. "Ana iyawa, Baba, akwai ɗan akwatin da aka sakawa. Amma mi za ka yi da shi? Kwamfuta ta ɗauke maka aiki."

Haka kuwa aka yi. Aka sa muryar wata mace da aka naɗa, duk wanda ya kira sai ta ce, "Don taki danna ɗaya, don injin casa danna biyu." Alhaji ya faɗa wa Baba cewa ƙarshen wata zai je gida ya huta.

Abin ya yi wa Baba zafi ƙwarai, don wannan kujerar ita ce rayuwarsa.  Amma shi ne ma ya riƙa zagayawa da Musaddiq yana nuna masa inda tsofaffin wayoyi suka bi cikin bango.

Mako biyu, ofis ya yi tsit. Musaddiq ya duba kwamfuta, ya ga mutane na kira, su yi minti guda ba su danna komai ba, su kashe. Ya taɓe baki ya ce ƙauyanci ne.

Ana nan sai ga Inna Asabe, shugabar mata masu turara shinkafa a Lahodu, ta zo da ƙafarta, ranta a ɓace.

Ta ce, "Alhaji, yarinyar ga da kunka ɗauka ɗiyar wa ta? Na yi mata sallama, ba ta amsa ba. Na gaishe ta har sau ukku, na tambayi gida da gajiya, sai 'danna ɗaya' taka ce min. Ni da jikoki tara!"

Musaddiq ya ce, "Inna, ai ba mutum ba ta, na'ura ta."

"To ku riƙe na'urarku. Mutanen Goronyo da Rabah sun hwara kai shinkahwarsu wani wuri. Wa ka son gidan da ba a amsa gaisuwa?"

Alhaji ya fusata. Ya ce da Musaddiq ya kwashe kayansa kaf kafin la'asar. Gumi ya keto wa injiniya.

Nan ne Baba Mainasara ya miƙe. Kowa ya zaci ranar ramuwa ce ta zo.

Sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Aikin yaron ga na da kyau, na ga yadda yay yi shi. Dauri mutum ɗaya ka samun layi, yanzu biyar na samu. Mai amsa sallama kawai anka rasa."

Musaddiq ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ya je mota ya ɗauko ɗan akwatin nan, bai fi tafin hannu ba. Ya soka igiyar tsohon tarho a rami ɗaya, igiyar intanet a ɗayan, ya saita kwamfuta yadda duk kiran da ya shigo zai fara buga wa teburin Baba. In an gama gaisawa, Baba ya danna lambar ofishin da ake so ya tura kiran can.

Ya miƙa masa kan wayar da hannu biyu. "Baba, ka yahe min."

Baba ya kara a kunne, ya ji ƙugin layin nan da ya yi shekaru bai ji ba. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

Inna Asabe ta ce ba ta yarda ba sai ta gwada. Ta fita bakin ƙofa ta kira. Tarho ya ɗauki ƙara har ma'aikatan sito suka leƙo.

Baba ya ɗauka. "Wa alaikumus salam, Asabe. Ina gajiyar hanya? Ya ƙahwar Malam?"

Daga waje aka ji ta tana cewa, "Yawwa! Yanzu na san gidan mutane nik kira."

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, babu wanda ya sake ta da zancen hutu. Har yau Baba na kan kujerarsa.

Darasi: Ilimi ba ya cika sai da sanin mutane, kuma sabon abu ba dalilin wulaƙanta tsoho ba ne. In ka sami damar ramawa, ka zaɓi alheri. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman matasanmu masu ilimin zamani.