Yadda Kwaɗo Ya Zama Sarkin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara fari ya tsananta, Zaki ya ba Dila aikin haƙa wa dabbobi rijiya. Ran bikin buɗewa aka zura guga, ya fito cike da ruwa, aka yi ta guɗa.

Kwaɗo dai bai yarda ba, don ya ga sawun Raƙumi mai dakon ruwa a bakin rijiyar. Da taro ya watse ya faɗa ciki, sai ga randa a binne cikin busasshiyar ƙasa.

Ya garzaya fada. "Ranka ya daɗe, rijiyar nan randa ce!"

Zaki ya ce, "Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"Madalla. Dila, me ake yi wa mai ido irin wannan?"

Dila ya ce, "Rawani, ranka ya daɗe."

Nan take aka naɗa Kwaɗo Sarkin Rijiya, aka ba shi randar ya zauna ciki. Aikinsa ɗaya: ya yi ta kuka kowace safiya, dabbobi su ji su ce ai akwai ruwa.

Yana can yana yi, ƙishirwa kuwa tana ɗibar su ɗaya-ɗaya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kun ce ƙarya na yi, ku leƙa rijiyar garinku.