Randar da Gizo Ya Hana Zufa

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Kun san abin da ya sa randa take zufa? To ku saurara.

A gari na ƙarshe kafin a shiga hamada, babu ruwan da ya kai na randar Ƙoƙi sanyi. Ta binne gindinta cikin yashi a inuwar tsamiya, kullum tana yayyafa wa yashin ruwa. A nan Kwaɗo yake kwana.

Ran nan Ƙoƙi ta tafi suna, ta bar mijinta Gizo da gida. Sai ga Zaki.

"Gizo, zan shiga farauta. In na dawo ban sami randa cike da ruwan sanyi ba, jininka zan sha."

"Ranka ya daɗe, har haƙori zai riƙe maka!"

Zaki na juya baya Gizo ya nufi gindin randa. Ya ga yashi a jiƙe. "Au, ƙasa ma sha take?" Ya tone randar ya ɗora kan dutse.

Kwaɗo ya ce, "Malam Gizo, bar ƙasa ta sha nata."

"Rufe min baki, mai idon goro!"

Ya ga jikin randa na tsattsafo. "Yoyo!" Ya narka danƙo ya shafe ta tas.

"Malam Gizo, bar randa ta yi zufarta."

"Kai za a yanka ko ni?"

Iska ta kaɗa. "Ke ma sata kika zo?" Ya kinkimi randar ya kai ɗaki, ya ja ƙyaure. Kwaɗo ya yi tsalle ya tafi.

Rana ta take. Daga bakin daji aka ji gurnani. Gizo ya tsoma yatsa: randa cike fal, ruwa kamar na wankan jego! Gurnani ya matso ƙofar gari. Gizo ya fito da gudu.

"Kwaɗo! Yayana! Ina kake?"

Ga ƙurar Zaki a ƙofar gida.

"Nan, bayan rumbu," in ji Kwaɗo. Yana kwance jikin wani tsohon tulu da Ƙoƙi ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, sai zufa yake. "Ɗauka. Amma gindin randa nawa ne har abada."

Zaki ya kafa kai ya shanye, ya lumshe ido. "Wannan tulu ne. Ina randar?"

Ya leƙa ɗaki, ya ɗanɗana, ya tofar, ya kai wa randar mari. Randa ta tarwatse. Gizo ya haye rufin ɗaki, har yau bai sauko ba. Kwaɗo kuwa yana gindin randa.

Kun ji, wanda ya ƙi a rage masa kaɗan, duka zai rasa. Ƙungurus kan kusu! Gobe da sassafe ku yayyafa wa gindin randata ruwa, in kun ga Kwaɗo ku ƙyale shi.