Mai Zuma da Gefen Dutsen da Ya Ƙone

Akwai wani mutum mai kiwon zuma a wani ƙauye a gindin dutse. Yana da amya goma sha biyu. Goma sha ɗaya ya rataya a itatuwan da ke gefen gabas na dutsen, ɗaya kuwa ya bari a kan tsamiyar bayan gidansa. Ya iya aikinsa, gaskiya, sai dai akwai shi da gaggawa.

Wata rana da rani ya hau ɗiban zuma. Da ya gama, sai ya yar da damin ciyawar da ya kunna domin hayaƙi, ya taka shi sau ɗaya, ya ce ai ya mutu. Ashe bai mutu ba. Kafin ya kai gida iska ta taso, wuta ta kama ciyawa, ta cinye gefen gabas ƙurmus, har da amyoyin nan goma sha ɗaya. Da maƙiyi ne ya yi masa haka, da ya sami wanda zai zaga ya huce. To, hannunsa ne, wannan kuwa shi ya fi ci masa rai. Tun daga ran nan bai ƙara taka gefen gabas ba. Ko hira ce ta biyo ta can, sai ya tuna yana da aiki a gida.

Bazara ta shigo. Furen ɗorawa da na kaɗanya ya riga ya kaɗe, kewayen ƙauye ba abin da ƙudan zuma zai tsotsa. Zuman amya ɗayan nan da ta rage suka fara taruwa a bakinta curi guda, ba sa fita kiwo. Mutumin ya san alamar. In bai kai su inda fure yake ba cikin kwana biyu ko uku, za su tashi, sana'ar da ya gāda a wurin ubansa kuma ta ƙare ke nan a hannunsa.

An yi ruwan fari da kwana goma, sai ya ce wa matarsa, “Maman Liyatu, zan hau dutse in nemo fure.”

Ta ce, “Ƙafata ƙafarka.” Ta ɗaura gyale a ƙugu, ta ɗauki gorar ruwa.

Suka bi ta gefen yamma, inda kurmi yake. Kai, wurin da daɗi! Ga inuwa, ga sanyi, ga birai suna tsalle a kan rassa, ko'ina kore shar. Suka duba gindin itatuwa, suka leƙa tsakanin duwatsu, suka bi bakin rafi har gwiwar matar ta fara ƙara. Ganye dai, ganye dai, sai ka ce miya suka zo nema. Fure ko ɗaya babu, gama inuwa ta yi yawa, rana ba ta kai ƙasa.

Da rana ta yi tsaka suka kai kusa da ƙwanƙolin dutse, suka zauna a bakin wani marmaro suna haki. Suna nan zaune sai ga ƙudan zuma na daji suna wucewa ta bisa kansu. Duk mai kiwon zuma ya san wannan: wanda zai tafi kiwo yakan tashi sama da sauri, wanda ya ƙoshi kuwa yakan dawo ƙasa-ƙasa da nauyi, ƙafafunsa ɗauke da garin fure rawaya. Masu nauyin nan duka daga gabas suke fitowa. Mutumin ya riga matarsa gani, amma ya sunkuyar da kai, ya shiga wanke ƙafar da ba ta yi datti ba.

Matar ta ce, “Baban Liyatu, ba kai ka koya mini duban tashin zuma ba? Daga ina waɗannan suke?”

Ya ce, “Ba kome can sai toka. Na sani, ni na zuba ta.”

Ta ce, “To, su toka suke ɗaukowa a ƙafa?”

Sai ta saɓa gorarta ta nufi gabas. Ya zauna, ya zauna, kunya tana ja da baya, tausayin zumansa yana ja gaba. Can dai ya miƙe ya bi ta, idonsa a ƙasa, don yana tsoron abin da zai gani.

Bai ɗaga kai ba sai da ya ji matarsa ta rangaɗa guɗa.

Jama'a, gangaren nan tun daga sama har ƙasa fure ne! Ga farar albasar kwaɗi mai jan zane ta ɓullo daga baƙar ƙasa, ga waɗansu ja wur, ga ƙanana rawaya sun cika tsakanin duwatsu. Itatuwan da wuta ta babbake sun yi sabon toho. Kukan zuma kuwa ya cika wurin har ba ka jin maganar na kusa da kai. Doguwar ciyawar da ta saba danne su ta tafi, toka ta zama taki, ruwan fari ya shiga ƙasa, rana kuma ta samu hanya. A gindin wata kaɗanya ya ga gawayin amyarsa guda, fure ya kewaye shi.

Mutumin ya durƙusa ya yi kuka, kukan da ya riƙe tun rani. Sa'an nan ya tashi yana dariya, yana tafa hannu, yana cewa, “Na gode, ya Ubangiji! Na gode!” Dattijo da furfura, ya kama rawa a kan dutse, matarsa tana yi masa kiɗa da gora.

Kashegari da sassafe, tun zuma ba su fita ba, ya toshe bakin amyarsa, ya ɗauke ta a ka, ya hau da ita gefen gabas. Zuman ba su tashi ba. Kafin damina ta raba, amyar ta cika har ta yi ɓari, sababbin amyoyin da ya saƙa ya rataya kuma zuma suka shige su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai zuman nan ni ne, kai ne, ke ce. Wutar ita ce zunubin da muka yi da hannunmu, wanda ba mu da wanda za mu ɗora wa. Kada wani ya fita nan ya ce malami ya ce a sa wa daji wuta! Wuta ɓarna ce, amya goma sha ɗaya sun tafi ba su dawo ba. Kurmin yamma shi ne inda muke gudu mu ɓuya, wurin da ba wanda zai tuna mana abin da muka yi. Akwai inuwa a can, amma rai ba ya ƙoshi da inuwa. Matar ita ce ɗan'uwa mai bi wanda ya ƙaunace ka har ya faɗa maka gaskiya, ya kuma yi gaba domin ka bi. Furen kuwa alherin Allah ne. Ku lura, mutumin bai shuka ko ɗaya ba. Yana can gida yana cizon yatsa, Ubangiji yana kan dutse yana aiki.

Na san a cikinmu akwai wanda ya yi shekara bai taka gidan mahaifinsa ba saboda maganar da ta fita daga bakinsa. Akwai wadda ta bar ƙungiyar mawaƙa tun ranar da ta ji kunya, tana zama a bencin baya, ana cewa amin ta ƙarshe ta zame. Kana cewa, “Ba kome can sai toka.” Yaushe rabonka da zuwa ka duba? Yesu ya riga ka isa can, gafara tana jiranka a daidai inda ka fāɗi. Amma ɗan abin da ya rage maka ba zai jira har abada ba, yana bakin amya yana shirin tashi. Ɗauke shi yau, ɗan'uwana, ka hau gabas.